Babban Baƙi, Ƙaramin Baƙi

A makarantar allon Malam Sumaila, can Aboabo,
baƙaƙe ba su da babba da yaro.
Ɗigo ɗaya a ƙasa, ɗigo biyu a sama,
shi ke nan an raba gado.
Ban taɓa jin an auna wa harafi tsayi ba.

Yau ga ni a hawa na uku, Adum,
kamfanin fitilar rana, a biya da kaɗan-kaɗan.
Ni ce mai tsaron rumbun sunaye,
mutum dubu tara da 'yan kai,
kowa da lambarsa mai gaɓa goma sha biyar,
baƙi da alƙaluma a cakuɗe
kamar wake da shinkafar Hajiya ta bakin tasha.

Ran Laraba manaja ya leƙo:
Memunatu, fitar min da masu bashi.
Na kwasa daga rumbu, na juye a jadawali.
Ashe jadawalin baƙo ne a gidan 'yan biyu,
ya ga Alhassan ya kira Fuseini.

Isaka tela, wutsiyar lambarsa bK7.
Anti Konadu ta Bantama, bk7.
Rumbu ya san su mutum biyu ne.
Jadawali ya ce, ai ɗaya ne,
ya ɗauki sidi ɗari shida da arba'in na wuyanta
ya rataya wa mutumin
da Juma'a ba ta taɓa wuce shi bai biya ba.

Daren nan aka ɗauke wuta a Asawase.
Daren nan na'ura, daga nesa, ta hure masa fitila,
yana tsakiyar wandon makaranta na goma sha bakwai
cikin arba'in da ya yi alkawari.

Da safe ya hawo matakalarmu yana hutawa,
awo rataye a wuya,
rasit a leda, an ɗaure da ƙyallen atamfa.
Bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga.
Ya ce: 'Yata, me na yi wa injinku?

Na nema har kokona ya huce, ya yi fata.
Na nema har la'asar.
Sai da na ɗora farce a kan gilashi
ina bi ɗaya-ɗaya, kamar mai tsince tsakuwa a gero,
sannan na gan shi:
K a tsaye, ya ware hannu da ƙafa,
ɗan'uwansa k ya ɗan rusuna.

Na ce: Baba, ka san kafa da ƙafa?
Ƙugiya ce tsakaninsu, ba ta kai ƙwayar ridi ba.
Ya dube ni, ya shafa awonsa.
Ni kike gaya wa? Rabin inci
shi ke raba riga da buhu.
Kunna min fitilata.

Yanzu doguwar lamba nake kwasa,
mai ƙarin baƙi uku a baya,
shaidu uku da ke rantsuwa
wane ne babba, wane ne ƙarami,
ko da makaho ne ya zo karatu.
Na rubuta haka a takarda, na manna a bango
don wadda za ta gaji kujerar nan.

Amma ga abin da ban rubuta ba.
Kwana biyu fitilar Anti Konadu na ci
da gumin telan da ba ta sani ba.
An ce jikokinta a ƙarƙashinta suke aikin gida.
Da na mayar da kowane baƙi mazauninsa,
na danna,
Aboabo ta haskaka.

A tiro-tiro, wajen Kejetiya,
ina ta kallon ɓangaren Bantama
ina ƙirga tagogi.